Amsar tambayarka a kan farautar zomo da karnuka

Ɗana, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali, ya zafin Yamai? Saƙonka ya iso ni. Ƙanwarka ce ta karanta mini shi a salula, ita ce kuma take rubuta abin da nake faɗa yanzu.

Ka ce yaronka na fari ya ga bidiyon wasu mutanen Amurka suna bin zomo da karnuka, tun daga ranar ya hana ka sakat sai ka samo masa kwikwiyo, mahaifiyarsa kuwa ta ce kare ba zai kwana mata a gida ba. Ka ce ka san kakanku mafarauci ne, amma kai lakwal, makarantar boko, ta ɗauke ka tun kana ƙarami, ba ka taɓa bin ayarin farauta ba. Kana so ka ji yadda ake yin ta a nan Damagaram, da abin da addini ya ce, da kuma ko abu ne da ya kamata a ɗora yaro a kai a wannan zamani. Na ji daɗin tambayar ƙwarai, domin cikin jikokin mahaifinmu kai ne ka fara yi mini ita.

Bari in fara da maganar mai ɗakinka. Allah Ya halatta mana abin da dabbar da muka horar ta kamo mana, yana nan a Suratul Ma'ida aya ta 4, da sharaɗin a ambaci sunanSa. Hadisi ya ba da izinin ajiye kare don abu uku, farauta da kiwo da tsaron gona, wanda ya ajiye shi don wani abu daban kuwa ana rage masa lada kullum. Naman zomo ba shi da laifi: Anas ɗan Malik ya ba da labarin yadda suka kori zomo a Marruz Zahrani, ya kama shi ya kai wa Abu Ɗalha ya yanka, aka aika wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da cinyoyinsa, ya karɓa. A mazhabarmu ta Malikiyya jikin kare mai rai ba najasa ba ne, sai dai in ya sa baki a ƙwarya a wanke ta sau bakwai. Amma a cikin Risala da muka karanta a zaure an ce farauta don wasa makaruhi ce, wadda ba ta wasa ba ita ce halal. To ka ga surukata ba ta yi kuskure ba. Karen da za a ɗaure a gidan haya a Yamai, babu daji babu gona babu garke, bai shiga cikin ukun nan ba, shi kansa karen kuma wahala zai sha.

Sauran sharuɗɗan kowane mafarauci ya haddace su tun yana yaro. Kai za ka saki karen da hannunka, ka yi bisimilla lokacin sakin. Abin da ya zabura da kansa ya kashe, mushe ne. In ka tarar da zomon da sauran rai sai ka yanka, saboda haka wuƙar mafarauci a ƙugu take, wasasshiya, ba a jefa ta cikin burgami. In ka tsaya laluben wuƙa har ya mutu, ka yi asara. Annabi ya gaya wa Adiyyu ɗan Hatimu cewa in ya tarar da wani kare tare da nasa a kan nama, bai san wanda ya kashe ba, kada ya ci, domin a kan karensa ya ambaci sunan Allah. Shi ya sa za ka ga dattijo mai furfura yana falfala gudu a bayan karnukansa, so yake ya isa da sauran rai ya sa wuƙa.

Abin da yaron ya gani a bidiyo, farautar wasu ce. Karnukan can gajeru ne masu faffaɗan kunne, da hanci suke bin sawu suna haushi, zomon nasu yakan kewaya ya dawo kusa da inda aka tashe shi, mai bindiga yana tsaye yana jira. A Ingila ma tun 2005 doka ta hana a saki karnuka su kori zomon fili mai dogayen ƙafafu irin namu. Karenmu da ido yake aiki da ƙafa, kuma in yana gudu shiru yake yi.

Kafin kare, a fara sanin zomon. Kada yaron ya auna shi da na gida da ake kiwo a keji. Na gida yana gina rami, yana haihuwa da yawa, ƴaƴan suna fitowa tsirara ido a rufe. Na daji ba ya gina rami. Ɗan wuri yake sharewa a gindin sabara ko kalgo ko tushen gamba, ya lafe, ya kwantar da kunnuwa a baya, launinsa ya saje da ƙasa. Da dare yake kiwo, da rana yana kwance. Zomanya takan haifi ɗaya ko biyu, in ta yi yawa uku, da gashinsu da idonsu a buɗe, ta bar su cikin ciyawa ta riƙa zuwa tana shayar da su tana tafiya. Duk zomanyar da aka kashe da damina, an kashe waɗanda ke jiranta a cikin ciyawa.

Makamin zomo na farko haƙuri ne. Za ka wuce shi da taku biyu bai motsa ba. Sai ka tsaya cak a kusa da shi, sannan ya zaci an gan shi ya zabura. Don haka ake koya wa yaro tafiya a hankali, ya riƙa tsayawa, ya bugi kowane tushe da sanda. In ya tashi, miƙewa yake yi da farko, sai kare ya kusa kai baki ya yi kwana kwatsam, karen ya wuce yana tirjiya cikin rairayi, kafin ya juyo zomo ya ba shi rata. Kare ɗaya da wuya ya kama babban zomo a fili. Biyu ake saki, ɗaya ya matsa masa ta baya ya tilasta masa kwana, ɗayan ya yanke ta gefe ya tare shi. Wanda ya iya yankan nan, yawanci tsohuwar karya ce da ta ga jiya ta ga yau, shi mafarauta ke ji da shi fiye da mai gudu. Sawu ma karatu ne. In zomo yana gudu, ƙafafun baya suna sauka a gaban na gaba, yaron da bai sani ba sai ya bi sawun a juye ya nufi inda zomon ya fito. Kashinsa ƴan dunƙulallu ne, in ka murza ka ji danshi, daren jiya ya yi kiwo a nan, ka buɗe ido.

Karnukanmu na ƙauye ne, sirara masu dogon baki da ɗamammen ciki. Masu hali sukan nemi jinin karnukan Buzaye na ƙasar Azawak, can wajen Tawa, dogayen nan da ke iya cim ma barewa. Amma jini kaɗai ba ya yin karen farauta. Da kwikwiyo ya bar nono ake ɗaukarsa, mutum ɗaya ke ba shi abinci, kunun dusa da ƙanzo da ɗan nono, har ya san muryarsa da fitonsa. Ana ja masa fatar zomo a igiya yana bi. Ba a kai shi daji sai ƙashinsa ya yi ƙwari, kuma a tsakiyar manya, don a wurinsu zai ɗauki abin da mutum ba zai iya koya masa ba. Babban darasinsa ya kama ya riƙe kada ya ci. Ladarsa kayan ciki ne, a ba shi nan take a inda aka feɗe, ya san aikinsa yana da sakamako. Karen da ya kori akuyar mutane ana hora shi, in ya maimaita ya daina fita ke nan. Mai kare shi ke cire masa ƙarangiya da tsidau daga tafin ƙafa da hannunsa, shi ke ɗaukar masa ruwa. Kakanka, Allah Ya jiƙansa, ba ya kai gora bakinsa a daji sai karnukansa sun sha. Yanzu an ƙara abu ɗaya da mu ba mu samu ba, allurar haukan kare, kuma ban yarda a kai yaro kusa da karen da ba a yi wa ba. Ciwon nan in ya bayyana a jikin mutum ba a tashi. Wanda kare ya ciza a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa, a garzaya da shi likita a ranar.

Yanzu ita farautar kanta. Ka bambanta ta da aikin maharba, masu baka da kwari da kan burtu, waɗanda ke shiga daji su kaɗai su kwana. Nasu gadon gida ne da asirinsa. Farautar karnuka ta gari ce, manomi da maƙeri da mahauci duk suna ciki, kuma tana da lokaci. Ba a fita sai an gama girbi, an kai dammunan gero rumbu, an cire wake da gyaɗa, an saki dabbobi cikin gonaki. Daga nan ake yi, cikin ɗari har bazara. Da an ga hadarin farko an rataye sanduna, a koma bakin gona. Ba wanda ke tashi da kansa ya tara jama'a. Sarkin Dawa, wasu garuruwan Sarkin Baka, shi ke sa rana bayan ya sanar da mai gari, a yi shela ranar kasuwa, a faɗi dajin da za a shiga. A wasu sassan ƙasar Hausa har biki ake yi mai suna buɗin daji, kafin shi ba mai shiga. An cuɗa bikin da abubuwan da malamai suka hana, da yawa sun bar shi, amma hikimar da ke ciki ba ta da laifi ko kaɗan: daji yana da lokacin da ake rufe shi ya huta.

Da asuba gangi ke tayar da mutane. Kowa da ƙerensa, sandar jifa mai lanƙwasasshen kai, da kulki da wuƙa da goran ruwa, wasu da ɗan curin fura. In an isa bakin daji sai a jeru a faɗi, tsakanin mutum da mutum kimanin jifa guda, dattawa a ƙarshen layi ta kowane gefe, yara a tsakiya inda ido ke kansu. Karnuka suna igiya. Zomo na tashi sai kuwwa, amma na kusa kaɗai ke saki, sauran su riƙe nasu ko da karnukan suna tsalle suna kuka. Wannan riƙewar ta fi komai wuya ga saurayi, da ita ake gane wanda ya yi hankali. Ƙere ƙasa-ƙasa ake jefa shi ya tafi yana juyawa, ƙafa ake nufi, kuma da kare ya shiga tsakani an daina jifa. Wanda ya karya ƙafar karen wani da sandarsa ya daɗe yana jin kunyar shiga taro. Ana cikin haka mai gangi na biye, yana kiran sunan wanda ya yi abin kirki da na ubansa da na kakansa, shi kuma ya ɗaga sanda ya yi kirari. Yaro yakan fara jin sunayen kakanninsa a nan, a bakin makaɗi, cikin ƙura.

Rabo a garinmu haka yake: nama na wanda sandarsa ta fara taɓawa ne, ko wanda karensa ya fara kai baki. Yaron da ya tashe shi yana da ƙafa guda. In gardama ta tashi Sarkin Dawa ya yanke, magana ta mutu a nan. Da yamma kafin a watse sai a fitar da na mai gari, a fitar da na tsofaffi da na matan da ba su da mai zuwa musu daji. Kuma ba a shiga daji ɗaya sau biyu a jere. In an ci gabas wannan karon, na gaba yamma za a nufa, wani dajin ma a bar shi shekara guda ba a taka shi ba. In aka ɗaga zomanya aka ga tana da ciki ko nononta na zuba, Sarkin Dawa yakan ce lokaci ya yi, a tsaya haka nan bana.

Ba duk abin da muka tarar ne zan ce a gada ba. Akwai ƙwace: samarin garuruwa biyu su haɗu a daji, wannan ya fizge naman wancan, a zare adda da barandami, masu taƙamar tauri su shiga, a dawo da mutum a kan amalanke saboda zomo ɗaya. Ana kiran wannan jarumtaka, ni ban taɓa ganin jarumtaka a ciki ba, yanzu kuma ƙwaya ta shiga ta ƙara lalata shi. Akwai cinna wa daji wuta don nama ya fito. Wutar tana cinye ciyawar da makiyayi zai kai rani da ita, ta cinye ƙwan zabo da na fakara da ƙananan itatuwa, wani lokacin har rumbunan mutane. Waɗannan biyun a binne su.

In na yi wa samarin yanzu faɗa sukan ce mini, Baba, ai karen bana shi ke maganin zomon bana. Karen bana da suke nufi moto ne, wato babur, da cocila. Zomo in haske ya dalle masa ido da dare tsayawa yake yi, ko ƙaramin yaro ya ƙwala masa sanda. Babu sawu, babu kare, babu Sarkin Dawa, babu damina babu rani, su cika buhu su kai bakin hanya su sayar. Zomon bana bai fi na da wayo ba da za a ce sai an sake masa dabara. Ƙaranci kawai ya yi. Wannan ɗibar ganima ce, kuma in ta ɗore jikanka zai ga zomon daji a hoto kaɗai.

Amma ba zan ɗora wa samari laifin duka ba, babban abin ƙasa ce. Lokacin da aka samu ƴancin kai a 1960 mutanen Nijar ba su wuce miliyan 3 da wani abu ba. Ƙidayar 2012 ta ba da sama da miliyan 17, jihar Damagaram kaɗai sama da miliyan 3 da rabi. Sauran da ake bari gona ta huta ya ƙare, gona ta haɗe da gona daga wannan gari zuwa wancan. Karan gero da ake bari a tsaye yanzu ana kwashe shi, ciyawa ana share ta da manjagara a loda wa jaki a kai kasuwa. A ina zomo zai lafe? Farin 1973 da 1974, da na 1984 da mutane ke kira El Buhari, sun kashe itatuwa da namun daji, yunwa kuma ta sa aka cinye abin da ya saura. Manyan namun su suka fara tafiya. Mariri da kakanninmu suka sani a arewa, a shekara ta 2000 aka bayyana cewa babu sauransa a daji ko'ina a duniya, sai a 2016 aka sake sakin wasu a Cadi daga waɗanda aka kiwata a killace. Jimina yanzu a cikin shinge ake renonta a Kelle, can Kutus wajen Gure. A 2012 gwamnati ta keɓe Tarmit da Tin Tumma don abin da ya rage na barewa da danginta, bayan baƙi masu kuɗi da manyan motoci sun yi musu ɓarnar da ƙere da kare ba za su taɓa yi ba. Zomo ya fi su juriya, amma hanyar ɗaya ce.

Abin da ke ba ni ƙarfin gwiwa shi ne gawo. Ka bi hanyar Mirriya ko Magarya ko Matamaye ka duba gonaki. Bayan farin 1984 wuraren nan sun yi fayau, yau gawo ya cika su, kuma yawancinsa ba dasa shi aka yi ba. Manoma ne suka daina sare tohon da ke fitowa, suka gyara shi suka bar shi ya girma. In manomi zai bar sabara da gamba a kan iyakar gonarsa, gari kuma ya keɓe wani yanki a ce shekara biyu ba farauta ba share ciyawa, zomo zai dawo, domin shi mafaka kawai yake nema da damina mai lafiya.

Ka san kuma akwai doka. Dokar farauta da kare namun daji ta 29 ga Afrilu 1998, mai lamba 98-07, ta ce farauta sai da izini, ta hana farautar dare, ta hana yin ta a kan mota ko babur, ta hana kora da wuta da sa guba. In ka cire maganar wuta, wadda mu muka yi sakaci da ita, sauran duk abin da Sarkin Dawa zai sa hannu a kai ne. Mafarauta da ma'aikatan gandun daji sun daɗe suna kallon juna a karkace, alhali mafaraucin kirki shi ya fi kowa sanin wanda ke shiga daji da dare. Kafin a fita da yaron, a je ofishinsu a ji ko lokaci a buɗe yake da abin da ake buƙata.

To ko a koya masa? A koya masa. Don nama ne kaɗai, kaza ta fi sauƙi, zomo ɗaya ba ya cika tukunyar gida. Amma yaron da ya yi wuni yana bin layi da ƙishirwa, ya riƙe igiyar kare yana ja bai saki ba don ba a ba shi izini ba, ya ga an ɗauki naman da ya sha wuya a kai an aika wa tsohuwar da ba danginsa ba, ya san kalgo daga geza, ya san sawun dila daga na kare, wannan yaron ya samu tarbiyyar da lakwal ba ta bayarwa. Gobe in ya zama ma'aikaci aka kawo masa takardar yanka dajin ƙauye filaye, ya san abin da ake shirin sayarwa. Sharaɗina ɗaya ne, wanda ke cikin Risala: abin da aka kama a yanka shi a ci shi. Kashe rai don a ɗauki bidiyo a yar, wasa ne, kuma ba zan sa hannuna a ciki ba.

Ga yadda za a yi. Karyar ɗan'uwanka ta ƙauye tana da ciki, zan sa a keɓe kwikwiyo ɗaya da sunan yaron, ya tashi can cikin karnuka, kai kuma ka riƙa aiko da kuɗin dusa da na allura. Hutun Disamba ka kawo shi, lokacin an gama kaka ga sanyi. Ka saya masa takalmi rufaffe saboda ƙaya. Shekarar farko goran ruwa zai ɗauka da sandar bugun tushe, ba zai yi jifa ba, ba zai saki kare ba, zai bi bayan dattijo yana kallo yana tambaya. Ka zo da salularka da wurin ajiya isasshe, domin tsofaffin da suka san kirarin gidanmu da kiɗan gangi sun ragu ƙwarai, ina so a ɗauki muryarsu su faɗi sunayen dazuzzuka da iyakokinsu da yadda ake rabo. Kai ma kada ka ajiye shi ka juya, ka shiga layin tare da shi, ka ga abin da ya wuce ka.

Ka gaya wa mahaifiyarsa ta kwantar da hankalinta, kare ba zai zo mata gida ba, kuma ni da kaina zan riƙe hannun yaron a daji. Ka gaishe ta da kyau, ka shafa mini kan yara. Ka sanar da ni ranar da za ku taso don in aika ƙauye su shirya.